Jan Fenti A Ƙofar Shagon Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya sauƙaƙa maka aiki, Ya tsare ku a inda kuke. Ya ciwon bayan nan naka? Anti ta ce min ka ƙi zuwa a duba ka, wai laifin kujerar ofis ne. Ni ƙanwarka ce kuma nas ce, ka ga ta fuska biyu nake da damar yi maka faɗa, don haka ka daure ka je asibiti. Mu nan lafiya lau, mun gode Allah. Babban ɗana ya shiga aji huɗu. Ƙaramar kuwa haƙoranta biyu na gaba sun fita, tana ta bin mutane da murmushi don a gani a yi mata barka. Babansu yana kan hanya kamar kullum, sai ya yi mako biyu da mota kafin mu gan shi na kwana uku. Baba yana shan maganin hawan jininsa, in dai na tsaya a kansa.

Na san za ka yi mamakin wasiƙa alhali muna waya duk mako. Sau uku ina niyyar gaya maka wannan magana a waya, ina jin muryarka sai in koma zancen yara. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hotonta in turo maka. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni, domin akwai laifina a ciki, kuma akwai abin da ke hannunka wanda lokacinsa ya ƙure.

Ka tuna gidan marigayi Hedimasta da muke katanga ɗaya da shi. Bara magadansa suka sayar wa wani bawan Allah da aka sallama daga aikin masana'anta. Bai daɗe da tarewa ba ya rushe ɗakin gaba, ya zuba siminti, wata rana sai ga babbar mota ta sauke masa tankin gas fari, tsawonsa ya kai ƙaramar bas. Yanzu duk unguwa Mai Gas ake ce masa. Daga safe zuwa yamma mutane na layi da tukwanensu ana cika musu. Yaya, na auna da ƙafata, taku huɗu ne tsakanin tankin da katangarmu, kuma a bayan katangar nan ɗakin yara yake, tsohon ɗakinka. Ranar da motar kamfani ta zo ƙara masa gas, wari har tsakar gidanmu, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. A namu ɓangaren kuma ka san abin da ke jibge, dusar katakon Baba da gwangwanayen fenti da injin yankan nan nasa mai tartsatsi in ya ci karo da ƙusa.

Shekarata shida a sashen masu ƙuna na asibiti. Ba zan cika ka da labarin abin da nake gani ba, amma akwai yarinya sa'ar ƙaramar tawa da na yi wata biyu ina wanke mata baya, ita kuma tukunyar gas ɗaya ce tak ta tashi a kicin ɗinsu. Sau uku na je wajen Mai Gas. Na farko ya karɓe ni da fara'a, ya nuna min abin kashe wuta guda biyu da bokitan yashi, har ya ba yara alawa. Na biyu na tafi da baban yara, aka yi ta in sha Allahu ba abin da zai faru. Na uku fuskarsa ta canza. Ya ce gidansa ne, takardarsa tana cikin akwati, yana da lasisin sayar da gas, ba mahalukin da zai gaya masa abin da zai ajiye a tsakar gidansa. Ba zan ce maka mugu ba ne. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin tankin nan, kuma yana da 'ya'ya biyar.

Na koma wajen Baba na roƙe shi ya sa baki. Ya je, suka sha shayi, ya dawo ya ce mutumin mai kula ne, in kwantar da hankalina. Da na ambaci ofishin tsara gari sai ya ajiye zarto ya dube ni. Ya ce shi da ya sayi filin nan ba hanya ba ruwa ba wuta, da hannunsa ya sare ƙaya ya haƙa harsashi, bai ga ɗan ofis ko ɗaya ya zo ya riƙe masa igiya ba. Ya ce in maƙwabci ya cuce ka wajen maƙwabci ake zuwa, a je yau a koma gobe har a daidaita, amma duk ranar da ka buɗe wa hukuma ƙofar gidan wani, ka sani taka ƙofar ma ka buɗe. Yau tanki za su ce, gobe su gaya maka taga nawa za ka yi wa ɗakinka. Na ce masa wuta ba ta duba takardar fili kafin ta tsallake katanga. Ya ce in bar maganar, kuma ka san yadda Baba yake faɗin haka.

Ban bari ba. Na rubuta takardar koke a wajen aiki lokacin hutun cin abinci, na sa sunana a sama, na bi gidaje huɗu a ɓoye na karɓi sa hannu. Ta ƙarshe ita ce Gwaggo Mai Inji, wadda take markaɗe a ƙofar gidanta tun rasuwar mijinta. Ta kashe inji, ta goge hannu a zani, kafin ta dangwala yatsa ta tambaye ni ko ba abin da zai taɓa ta. Na ce ba komai, maganar gas ce kawai. Wallahi haka na ɗauka.

Bayan mako uku, ranar wata Talata da hantsi, sai ga mutum uku daga ofis da abin awo da taswira da gwangwanin jan fenti. Ina gida ranar. Suka shiga gidan Mai Gas suka yi aune-aunensu, suka fito suka zana masa alama a ƙofa suka manna takarda. Na ɗauka shi ke nan. Sai babbansu ya tsaya a tsakiyar layi yana sauraro, domin injin Baba yana ta kuka, na Gwaggo ma haka. Ya buɗe taswira a kan motarsu ya nuna wa mutane cewa layinmu gaba ɗaya fentin ruwan ɗorawa ne, wato wurin zama kawai, ba a yarda da sana'a a cikinsa ba. Ƙofa huɗu suka shafa kafin su tafi, ta Mai Gas, ta Tela, ta Gwaggo, da ta shagon Baba. Kwana ashirin da ɗaya suka bayar, ko a rufe ko a je a yi bayani. Baba yana tsaye da fensir a bayan kunne yana kallon fentin yana gangarowa a kan ƙofar da shi ya yi ta da hannunsa. Ni ina leƙe ta zaure.

Daga ranar shagon Baba ya zama majalisa. Kullum da la'asar su huɗun za su zauna a kan benci, har da Mai Gas, Baba ne shugaba. Ina kai musu ruwa ina jin ana lissafa wanda zai iya yin wannan aika-aika. Tela ya rantse sabon ɗan hayar ƙarshen layi ne, wai tun da ya zo bai taɓa gaida kowa ba. Gwaggo kuwa ido kawai take ɗagowa ta dube ni in na ajiye kofi, ta mayar da kai ƙasa. Sauran ukun da suka sa hannu kuwa in sun hango ni sai su canza hanya. Na daina iya cin abinci, har a wajen aiki aka fara tambayata ko lafiya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da suka gama shawara Baba ya kira ni ya ce ni ce mai karatun gidan, in zauna in rubuta musu amsar da za a kai ofis. Ya riƙa faɗa ina rubutawa. Ya ce a gaya musu layin nan tun asali daga bakin ƙofofinsa yake ci, a nan aka yi kujerun makarantar unguwa, a nan ake ɗinka kayan yara, kuma wanda ya shafa wa taswira launi shekara ashirin da suka wuce bai taɓa taka layin da ƙafarsa ba. Yaya, maganarsa gaskiya ce, kuma na rubuta ta da kyau iya iyawata. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa. Sau biyu na ga jijiyar gefen kansa tana harbawa, na tuna awon jininsa, na yi shiru. Ko kuma in faɗi gaskiya, tsoro na ji, na fake da awon jini.

Ranar zuwa ofis Baba ya ce in raka su. Aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon tebur da fanka ɗaya da ke juyawa da ƙyar, fayil-fayil jibge har kan taga. Shugabar sashen mace ce, ta manyanta, mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta saurari kowa. Baba ya yi magana tsaye, ya ƙi zama. Ta ce masa ta ji, kuma ita ma ta san taswirar ta tsufa, amma in doka ta fara duban fuska kafin ta yi aiki, to mai ƙarfi ne zai riƙa cin moriyarta, domin shi ne fuskarsa ta fi sanuwa. Baba ya ce dokar da ba ta iya bambanta tankin gas da keken ɗinki ita ma ai ba gani take yi ba. Ta ɗan yi murmushi ta rubuta wani abu. Mai Gas ya miƙa lasisinsa, ta ce wannan izinin sayarwa ne, bai ce a sayar a tsakiyar gidajen mutane ba. Ya ce ba wanda ya gaya masa haka lokacin da ake buga masa hatimi. Ta ce wannan kuskure ne babba, amma kuskuren ba zai ƙara ko taku ɗaya tsakanin tankinsa da gadon yaran maƙwabta ba.

Daga nan ta buɗe fayil ta ciro takarda biyu ta jera su a gabanta, koken da amsar. Ta daɗe tana dubansu, domin rubutun hannu ɗaya ne. Ta cire tabarau ta ce ƙa'ida ce a tambayi mai koke ko tana nan kan bakanta, kuma ta ga alama mai koken tana cikin ɗakin. Ta ce janyewa ba za ta goge fentin kowa ba, amma za a rubuta. Ba ta kira sunana ba, ta bar ni da kaina. Na miƙe na ce ni ce, kuma ban janye ba. Na ce ban san abin zai shafi shagon mahaifina da injin Gwaggo ba, da na sani da na nemi wata hanya tukuna, amma ba zan ce tankin nan ya dace da inda yake ba, domin ƙarya ce.

Tela ya yi salati a hankali. Mai Gas ya juya ya dubi Baba, ba ni ba, yana so ya gane ko da saninsa aka yi. Baba bai waiwayo ba. A lokacin ne ya ja kujera ya zauna, ya ɗora hannayensa biyu a kan tebur. Shugabar ta tambaye shi kai tsaye ko shi yana son tankin a bayan ɗakin jikokinsa. Ya ce ba ya so, tun ranar farko ba ya so, amma da ya fi son a bar shi da maƙwabcinsa ko da shekara za su yi suna magana. Ta ce shekara tana da tsawo a gefen tanki.

Ga yadda aka yanke. Tela zai ci gaba, tunda keke ɗaya ne a cikin ɗakinsa, ba ƙara ba haɗari. Mai Gas zai kwashe, kuma an kwashe, ranar Asabar da ta wuce motar ɗaga kaya ta zo ta ɗauke tankin, duk layi aka fito ana kallo, shi yana tsaye da ƙaramin ɗansa a kafaɗa. An ce zai nemi fili a bakin gari, ban san ko zai samu ba. Matarsa ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Gwaggo za ta rufe, saboda ƙara da hayaƙi, kuma shekara bakwai kacal da fara sana'arta. An nuna mata rumfa a wurin masu sana'a, mota biyu daga nan, kamar akwai matar da za ta ɗauki roba ta hau mota biyu don markaɗe. Na je gidanta washegari. Ba ta yi min faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce ta san ba da mugunta na yi ba, kuma ita ma jikarta a layin take kwana, amma in riƙa sanin abu kafin in ce wa tsohuwa ba komai. Injin yana nan an lulluɓe shi da buhu.

Saura Baba, kuma nan ne maganar ta iso kanka. Shugabar ta ce sana'ar da ta riga taswira kafuwa ana iya barinta muddin mai ita yana raye, in an kawo shaida a rubuce, kuma in ya yarda ya gyara wayoyin wuta ya daina tara dusa. Shaidar ita ce tsohuwar takardar izinin shago, mai hoton Baba da baƙin gashi. Tana cikin koren fayil ɗin da ka tafi da shi bayan rasuwar Mama, lokacin da rufin ɗaki ke yoyo ka ce takardu sun fi tsira a wajenka. Ainihinta suke so, ba hoto ba. Daga yau saura kwana goma sha biyu wa'adin da ta bayar ya cika.

Baba ya ce kada a aiko. Ya ce shi ya tara mutanen nan a kan bencinsa, shi ya shige gaba, ba zai zauna yana yanka katako a bayan wata tsohuwar takarda ba alhali injin Gwaggo yana lulluɓe a gabansa saboda abin da ya fito daga gidansa. Har ya je ya dubo rumfa a wurin masu sana'ar. Yaya, shekararsa saba'in da ɗaya. Ranar da ya je ya dawo ƙafafunsa a kumbure, na auna shi na ga abin da ban so ba. In ya koma can ba zai yi wata shida ba zai ajiye aikin, kuma ni da kai mun san abin da zama ba aiki zai yi wa Baba. Na gaya masa rufe shagonsa ba zai tada injin Gwaggo ba. Na ce in yana nan ƙofarsa a buɗe, ya fi ƙarfin tsaya mata, domin shugabar da kanta ta ce mutanen layi suna iya haɗuwa su nemi a sake duba taswirar, a halatta ƙananan sana'o'i, ko da yake abin yana ɗaukar lokaci. Ya ce in ce dai ni zan sake rubuta musu takardar. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ban gane ba ko gatse ne ko umarni.

Tun ranar ofis maganarmu ba ta wuce gaisuwa da magani. Yana wasa da yara kamar da, ni ce dai in na shigo sai ya sami abin dubawa a hannunsa. Ina kwana ina tashi da tambayar ko na yi daidai. In na ga Gwaggo zaune a ƙofa hannu biyu a cinya sai in ce ban yi ba. In na shiga ɗakin yara da safe na buɗe taga ban ji warin nan ba, sai in san ko yau aka dawo da tankin zan sake rubutawa. Abin da ba zan sake ba shi ne yin abu a bayan idon Baba.

Saboda haka kafin in kai nan na tsaya, na same shi a shago ɗazu bayan azahar, na ce wasiƙa nake rubuta maka kuma ina so ya ji abin da ke ciki. Ya ci gaba da goge ƙafar wani tebur. Na karanta masa tun daga gaisuwa, har wurin da na ce tsoro na ji. Wuri ɗaya ya tsayar da ni, ya ce taku huɗu da rabi ne, shi ma ya auna tun makon da aka kawo tankin. Da na gama ya hure dusar da ke kan katakon, ya ce shi bai canza magana ba, bai ce ka aiko ba. Amma in kai ma ka gaji taurin kan ƙanwarka ka ga sai ka aiko, to sunansa za ka rubuta a bayan ambulan, ba nawa ba, shi zai buɗe ya ga abin da zai yi da ita.

To ka ji, Yaya. Ka gaishe min da Anti ƙwarai, ka ce na gode da maganin da ta aiko wa Baba. Ka shafa min kan 'yan biyu da Auta. Kawu da iyalinsa suna gaishe ku, baban yara ma ya ce in isar da gaisuwarsa, yara kuma suna tambayar yaushe za ka zo. Allah Ya jiƙan Mama, Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. In za ka aiko, ka bi ta masu kai saƙon gaggawa, kuma ka sa ta cikin leda saboda ta yi laushi a wajen ninkin.

Taka har kullum,
Ƙanwarka.